Ƙaramin Akushin Baban Kowa

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin tudu, majami'ar ƙauyen kuwa tana can bisa tudun. A wancan zamani ba a cin abinci a ɓoye. In mace ta sauke tuwo, kafin ta zuba wa mijinta sai ta fara cika kwanon maƙwabta. Da yamma kwanuka sukan yi ta wuce juna a hanya, na gidan nan ya tafi can, na can ya zo nan, har mutum yakan gane hannun kowace mace tun daga ƙanshin miyarta. Abu ɗaya ne ba a yi: a kawo maka kwano, ka mayar da shi da saura.

Wata shekara ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba, yunwa ta shigo gari. Manomin nan yana da rumbu biyu na tsohuwar dawa, sai ya buɗe su, ya yi ta auna wa gida gida har damina ta zagayo. Tun daga nan aka bar kiransa da sunansa, sai dai Baban Kowa. Gidaje bakwai da ke kewaye da shi kuma suka ɗaukar wa kansu kai masa kwano kowace yamma.

Yana da abu guda da yake ji da shi a ransa. Kowace shekara, ranar godiyar kaka, shi yake ɗaukar damin dawa na fari a ka, ya hau tudu a gaban jama'a, mata suna waƙa a bayansa, har ya sauke shi a ƙofar majami'a. Haka mahaifinsa ya yi kafin shi.

Shekaru suka tura, 'ya'yansa suka karɓi noma, shi kuwa ya koma zaman gindin tsamiya. Fartanya ta huta, kwanuka ba su huta ba. Jiki ya yi ta buɗewa, har matarsa Dinatu ta gaji da ƙara wa rigunansa ƙyalle. Da ranar godiya ta zo a wata shekara, ya ɗauki dami, ya fara hawa, bai kai rabin tudu ba gwiwoyinsa suka fara rawa, numfashi ya gagara. Ya zauna a kan wani dutse a bakin hanya, wani ya karɓi damin. Ya ce wa mutane ƙaya ya taka. Tun daga ranar bai ƙara hawa tudun ba, ko don sujada.

Da aka shiga bazara Dinatu ta ja shi asibiti. Likitan ya auna shi, ya leƙo shi ta saman tabarau, ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da yatsa, ya ce, "Baba, gwiwar nan ba jaki ba ce." Ya gaya masa abin da zai yi, ba wani abu mai wuya ba. Tuwo kada ya wuce dunƙulen hannunsa, rabin kwano ya zama ganye. Ya sha ruwa kafin ya sa hannu a abinci, ya janye sukari daga koko, ya rage soye-soye, ya riƙa tafiya kowace safiya. In bai yi haka ba, in ji likita, baɗi ba tudu kaɗai zai gagare shi ba, ƙofar ɗakinsa ma sai da sanda.

A hanyar komawa ya ja wa Dinatu kunne, kada kowa ya ji. Wai mutumin da ya ciyar da gari, a ce yau ana auna masa tuwo?

Dinatu ta fara girki a ƙaramar tukunya. Da yamma ya ci ɗan dunƙulensa da zogale, ya wanke hannu, ya yi godiya. Sai ga kwanuka bakwai sun iso kamar kullum. Ya dube su, suka dube shi. Mayarwa ba dama. Ya sake wanke hannu.

To, kun san mata da ido. Ba a yi mako ba suka lura hayaƙin gidan Dinatu ba ya daɗewa, kuma an ga ma'auratan suna dawowa daga asibiti. Aka haɗa wannan da wancan a bakin rijiya, aka yanke cewa Baban Kowa ba shi da lafiya, abinci ya fita ransa. Mutumin da ya cece su daga yunwa kuwa ba zai rame a gabansu ba. Sai gaisuwar mara lafiya ta tashi: farfesun kai, kunun gyaɗa da sukari har cokali yana tsayawa, fura da nono, ƙosai tun da safe.

Shugabar wannan aiki ita ce Iya Tabita, tsohuwa mai waina, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa. Ita ba ta ajiye kwano ta tafi. Takan jawo kujera, ta zauna, ta ɗora haɓa a kan sandarta, ta ce ta hanci, "Ci, ɗan nan, ci. Ina nan, ba sauri nake yi ba." In ya ce ya ƙoshi, sai ta ce ai ciwon ke nan yake magana.

Bayan wata biyu, zariyar wandonsa ta kasa haɗuwa.

Sai shi da Dinatu suka yi shawara. Za su riƙa juye kwanukan ga awaki a turke, su wanke, su mayar da godiya. Kwana uku abin ya yi kyau. A rana ta huɗu wata akuya ta ɗauki waina guda a baki, ta fita ta ƙofar gida, ta bi hanya tana taƙama, ta tsaya cak a gaban tandar Iya Tabita, ta cinye ta a nan.

Iya ta san wainarta kamar yadda ta san tafin hannunta. Ba ta yi faɗa ba. Ta zo da yamma ta karɓi kwanonta, ta ce wa Dinatu, "Shekara ashirin ina tashi tun kafin zakara. Ashe akuya nake wa." Ta juya ta tafi.

Washegari ba kwanon da ya zo, haka jibi. Baban Kowa ya zauna gindin tsamiya yana ganin kwanuka suna wucewa zuwa wasu gidaje, masu ɗauke da su suna gaishe shi da gefen baki. Ya samu abin da likita ya ce, amma ɗan tuwon ma ya ƙi wucewa. Ga kaka saura wata huɗu.

Ran Lahadi ya lallaɓa da ƙyar har dutsen nan da ya zauna a kai bara, ya jira a tashi daga sujada. Da jama'a suka sauko, ya ce su tsaya. Ya gaya musu ba ƙaya ya taka bara ba. Ya faɗi abin da likita ya ce, bai rage ko maganar jaki ba. Ya ce kunya ce ta hana shi faɗa, kunya ce kuma ta hana shi mayar da kwano.

"Ina so in kai damin nan sau ɗaya tak kuma," in ji shi. "Na gwada ni kaɗai, na kasa."

Iya Tabita ta matso da sandarta, ta dube shi tun daga hula har ƙafa.

"Kai da ka iya buɗe rumbu biyu, ka kasa buɗe baki ɗaya? Ashe duk abin da nake ɗora maka a kwano, a kan gwiwarka yake sauka."

Maƙwabcinsa Kalib ya ce to, sai a daina kai masa abinci gaba ɗaya. Iya ta ce a'a, an daina kwana huɗu, kowa ya ga yadda garin ya yi ba daɗi. Ta ce su biyo ta. A ɗakinta ta laluba ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙaramin akushi da ya yi baƙi don tsufa. A cikinsa mahaifiyar Baban Kowa take zuba masa tuwo yana yaro, ta bar wa Iya shi kafin ta rasu. Da ya gan shi, ya shafa bakin akushin inda ya taɓa gutsurewa.

"Gida bakwai, kwana bakwai," in ji Iya, tana duban Saraya, wata maƙwabciya mai yawan cika kwano. "Akushin nan zai kwana gidan da ke da girki. Rabi ganye, tuwo dunƙule ɗaya. Dunƙulensa, Saraya, ba naki ba, na san hannunki."

Haka aka yi. Maigidan da girki ya faɗo gidansa shi yake kawo akushin, ya zo da nasa kwano, su ci tare a gindin tsamiya kamar yadda iyayensu suke yi. Da safe kuma shi zai ƙwanƙwasa ƙofa su fita tafiya. Makon farko iyakarsu rijiya. Daga baya suka kai gindin tudu, can kuma dutsen. A hanyar ne Kalib ya furta cewa shi ma an gaya masa jininsa ya hau tun bara, yana ɓoye maganin a cikin hula. Kafin wata ya cika, mata suka ga girki biyu wahala ne, suka rage mai a tukunyar kowa, zogale da rama suka yi daraja a garin.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Wata safiya ƙanshin waina ya ja Baban Kowa har gaban tanda, ya tsaya yana tambayar Iya lafiyar ƙafarta, tambayar da ba ta ƙarewa. Iya ta sauke kai, ta leƙo shi kamar mai tabarau, ta ƙwanƙwasa masa gwiwa da cokalin waina, ta ce, "Baba, gwiwar nan ba jaki ba ce." Masu sayen waina suka yi ta dariya, shi ma ya yi. Amma ran Lahadi takan ajiye masa guda ɗaya, ƙarama, daga gefen tanda.

Ranar godiya ta zo. Bai zama siriri ba, kada in yi muku ƙarya, sai dai Dinatu ta cire ƙyalle biyu daga rigarsa. Aka ɗora masa dami, mata suka ɗauki waƙa, aka fara hawa. Da ya iso dutsen, ya tsaya, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Kalib ya miƙa hannu zai karɓa, Iya ta tare shi da sanda. Sai dukan jama'a suka tsaya tare da shi, kowa da kayansa a ka, mata suka ci gaba da waƙa a hankali, ba wanda ya wuce gabansa. Da numfashi ya dawo, ya ɗaga ƙafa. Ya sauke damin a ƙofar majami'a da hannunsa, daidai inda mahaifinsa yake saukewa.

An ce a duk garin akuyar nan kaɗai ce ba ta ji daɗin yadda abin ya ƙare ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Manomin nan kowannenmu ne da ke da wani kaya da ya yi masa nauyi, ko na jiki ko na zuciya, yana kuma jin kunyar faɗa. Ya san abin da ya kamata ya yi, an gaya masa dalla-dalla, abin kuma ba mai wuya ba ne. Ɓoyewa ce ta kayar da shi. Muddin yana ɓoyewa, masu ƙaunarsa ne suke ƙara masa nauyi, ba da mugunta ba, sai don ba su sani ba. Ubangiji ne ya ba mu jikin nan amana, amma bai ce kowa ya kulle ƙofa ya lura da nasa shi kaɗai ba.

Mu kuma masu kwanuka, maganar ta fi shafarmu. Na san mu a wajen biki da bayan taron zumunta: "Haba, 'yar'uwa, ba ki ci komai ba," alhali ta ci faranti biyu, ga kwalbar lemo ta uku muna buɗe mata. Iya Tabita ba ta rage ƙaunarta ba. Kwano ta sake, ta kuma sa mutane su zauna da shi, su yi tafiya da shi, su tsaya inda ya tsaya.

Yau kwanuka ba sa wuce juna a hanya kamar dā. Kowa da farantinsa, kowa da ƙofarsa a rufe, mutum sai ya yi shekara yana fama maƙwabcinsa bai sani ba. Ba za mu iya dawo da ƙauyen nan ba, amma ƙaramin akushi bai fi ƙarfin kowa ba. In an ce ka rage, fara yau da dunƙule ɗaya da ganye, kuma kafin ka fita ƙofar nan ka gaya wa mutum ɗaya gaskiya. In kuwa kai aka gaya wa, kada ka yi dariya, kada ka ƙara masa tuwo. Tambaye shi ƙarfe nawa za ka ƙwanƙwasa ƙofarsa gobe da safe.