Tsumman da Ke Wuyan Ɗan Ja

To, kowa ya gyara zama, don wannan misalin sabo ne fil, tun jiya na ƙagu gari ya waye in ba ku shi!

Akwai wani mutum manomi, yana da bijimai biyu na huɗa, Ɗan Ja da Ɗan Fari. Kai, da kun ga yadda mutumin nan yake ji da su! Duk ƙauyen an san shi da iya kiwo. In akuyar wani tana tari, wajensa za a zo. In saniya ta ƙi cin dusa, sai a ce, "Je ka tambayi Baban Tabita." Shi kuwa sai ya gyara hula ya yi ta bayani, abin yana masa daɗi.

Ana nan sai damina ta faɗi. Ya ɗora wa bijiman sabuwar karkiya, wato itacen nan da ake sa musu a wuya su ja garma. Ashe bai goge ta da kyau ba, tana da kaushi. Ai kuwa ta ci wuyan Ɗan Ja har ta yi masa ciwo. Maimakon ya bar shi ya huta, sai ya ce ƙasa ta jiƙu, huɗa ba ta jira. Ya samo baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga injin niƙa, ya shafa wa ciwon, ya naɗe da tsumma, suka koma gona.

Ba a daɗe ba Ɗan Ja ya daina cin abinci. Jikinsa ya yi zafi, ƙudaje suna ta bin tsumman. Kuma kun san bijimi ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai. In Ɗan Ja ya tafi, gonar nan haka za ta zauna ba huɗa, rumbu kuma ya kwana wayam.

Ranar kasuwa manomin ya hau keke sai gari, ya shiga asibitin dabbobi. Akwai wata likita a wurin, sunanta Keziya. Suka gaisa, ya ce, "Likita, bijimina ne ba ya cin abinci, jikinsa da zafi. Ki ba ni allura in je in yi masa."

Ta ce, "Sannu Baba. Yana da wani ciwo a jiki?"

Sai ya dubi rufin ɗaki, ya dubi takalminsa. Shi da ake zuwa tambaya, yaya zai buɗe baki ya ce ya shafa wa bijimi baƙin mai? Ya ce, "Babu wani abin faɗa."

Ta ce, "To bari in gama da wannan tunkiyar, sai in bi ka a babur in gan shi."

Ya ce, "A'a, a'a, kada ki wahalar da kanki, hanyarmu duk taɓo ce. Ki dai ba ni maganin."

Ta yi murmushi, ta nuna masa wata takarda a jikin bango cikin gilashi. Ta ce, "Baba, ka ga waccan? Shaidar rajistata ce. Akwai hukumar da ke kula da mu likitocin dabbobi. Sai da suka tabbatar na yi karatun kafin su rubuta sunana, kuma suna zuwa duba wurin nan, har inda muke ajiye magani. Ranar da suka karɓe ni na yi alkawari ba zan ba da allura ga dabbar da ban gani ba. In na yi ganganci bijiminka ya mutu, kana da inda za ka kai ƙarata, su kuma suna iya cire sunana."

Ya ce, "Oho! Ashe ke ma kina da na sama da ke. Ni na ɗauka likita ce cikakkiya."

Ta yi dariya ta ce, "Ina da su, Baba. Kuma don kai aka ajiye su."

Ya fita ransa a ɓace. Yana shiga kasuwa sai ya ji lasifika tana ta ihu. Wani mutum ne sanye da farar riga, ya fi likitar ma kama da likita, ya baje kwalabe a kan tabarma cikin rana tsaka. Ana ce masa Mai Akwati. Manomin ya fara bayani, bai ma kai ƙarshe ba mutumin ya miƙo kwalba.

"Wannan ita ce, Baba! Zazzaɓi, tari, gudawa, rashin ci, duk tana yi."

Manomin ya ce, "Ba sai ka ga bijimin ba?"

"In gan shi in yi masa me, aurensa zan yi? Ni ba ni da wani na sama da zai ce mini yi ko bari. Ni ne hukumar kaina!"

Manomin ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a ransa, yauwa, ga mai sauƙin kai, ba tambaya ba tone-tone. Ya koma gida ya yi wa Ɗan Ja allurar.

Wayyo! Wurin allurar ya kumbura, ciwon wuya kuma yana nan yana ta ci a ƙarƙashin tsumma. Ɗan Ja ya kwanta ya ƙi tashi. Ɗan Fari yana tsaye a gefensa yana ta shinshina shi. Da kasuwa ta zagayo manomin ya garzaya neman Mai Akwati. Ina! Wata mai sayar da daddawa ce zaune a wurin. Ya tambayi sunansa na gaskiya, ba wanda ya sani. Ya tambayi garinsu, wani ya ce gabas, wani ya ce yamma.

Ya dawo gida. Matarsa Damaris tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Baban Tabita, ni dai warin tsumman nan ya hana ni shanya a bayan gida. Kai kaɗai ne kake ganin asiri ne. Wa kake ɓoye wa, ni ko ƙudaje?"

Maganar ta shige shi. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya sake hawa keke. Ya sami Likita Keziya a inda ya bar ta, ƙarƙashin takardar nan ta bango. Ya cire hula ya ce, "'Yata, ranar nan ban faɗa miki duka ba." Ya faɗa mata karkiya, ya faɗa mata baƙin mai, har kwalbar Mai Akwati ya ciro daga aljihu ya ajiye mata a tebur.

Kun san me ta yi? Ko tsaki ba ta yi ba! Ta ɗauki jakarta kawai ta ce, "Mu je." Kwalbar kuma ta ce za ta kai wa hukuma, don a nemo mutumin kafin ya kwantar da bijimin wani.

Ƙarar babur ta tara maƙwabta. Abin da manomin yake gudu ke nan, ga shi ya zo har ƙofar gida. A gaban kowa likita ta durƙusa ta kwance tsumman. Tabɗi! Ciwon har ya yi tsutsa. Mutane suka toshe hanci, shi kuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ta wanke ciwon tas, ta cire tsutsotsin, ta sa magani, ta yi allurar da ta dace. Tana yi tana cewa, "Sannu Ɗan Ja, an mai da kai injin niƙa ko?" Kowa ya fashe da dariya, har manomin ma bai san lokacin da ya dara ba. Ta ce zai tashi, amma ba karkiya sai wuyan ya warke sarai, kuma a goge itacen a naɗa masa abu mai laushi.

Manomin ya ce, "To gonar fa?"

Sai wani maƙwabcinsa, Habila, ya sosa ƙeya ya ce, "Ni na gama tawa huɗar. Ka ɗauki bijimina ɗaya ka haɗa da Ɗan Fari." Sannan ya juya ya ce, "Likita, in kin gama ki leƙa gidana. Ni ma akwai wani tsumma a ƙafar jakina."

Aka huɗe gonar nan kafin ƙasa ta bushe. Ɗan Ja ya miƙe, ya koma cin dusa har yana ture Ɗan Fari.

Ma'anar wannan misali kuwa ga ta. Bijimin nan zuciyarmu ce, ciwon kuma laifin da muka yi. Baƙin mai da tsumma su ne dabarunmu na rufewa: 'yar ƙarya, da "ba ni ba ne", da shiru. Mai Akwati shi ne duk wanda zai faɗa maka abin da kake son ji, ba ya tambayarka komai, shi ma ba mai tambayarsa. Ranar da abu ya ɓaci ba za ka gan shi ba. Likitar kuwa tana nuna mana mutanen da Allah ya ba mu, iyayenmu da malamanmu da fastonmu, waɗanda su ma sun san za su ba da amsa a gaban na sama da su. Shi ya sa ba sa ba mu magani daga nesa. In sun ce "zo in gani", ba tonon asiri suke so ba, so suke mu warke.

Haka Ubangiji ma yake. Sau nawa muke durƙusawa mu ce, "Ya Uba, ka ba ni salama," alhali ainihin ciwon mun naɗe shi mun bar shi a gida? Ya riga ya san abin da ke ƙarƙashin tsumman, kuma jakarsa tana hannu, jira kawai yake mu ce masa ya zo. Don haka in kana da naka tsumman, kada ka bari wata kasuwar ta zagayo. Yau ɗin nan ka kai masa ya kwance.