Mangwaron da Ya Auri Rassan Gari

Akwai wani mai lambu wanda Allah ya ba hannun aurar da itatuwa. Yakan yanko reshen wannan mangwaro, ya tsaga jikin wancan, ya haɗa su ya ɗaure, sai reshen ya kama, ya yi 'ya'ya irin na uwarsa. A garinsu kuwa ba a hana reshe, kamar yadda ba a hana ɗiban wuta.

Sai ya bi gida gida da 'yar wuƙarsa. Wani gidan ya yi sallama ya roƙa. Wani kuma ya tarar reshe ya leƙo ta kan katanga, ya yanke ya wuce abinsa, yana cewa abin da ya fito hanya ai na kowa ne. Ya aura su duka a jikin itace guda. Ya yi ta ban ruwa yana korar awaki, shekara da shekaru, har itacen ya girma yana ba da ɗanɗanon kowane gida. Masu saye suka riƙa zuwa daga nesa. Da ya ga haka, sai ya kewaye shi da ƙaya, ya sa ƙofa.

Reshen da ya fi duka zaƙi daga gidan wata gwauruwa ya fito. Mijinta ne ya dasa itacen shekarar da aka kawo ta. Ana nan sai gara ta ci saiwarsa, ya bushe. Ta zo ƙofar lambu ta ce, "Ɗana, itacen babanku ya mutu. Ka yanko mini kaɗan daga nasa da ke wurinka, in sa a aura mini."

Mai lambu ya ce a ransa, in ya ba ta, gobe kowa zai samu, wa zai ƙara zuwa saye? Sai ya ce, "Iya, wane nasa kuma? Ni na ɗaure, ni na yi ban ruwa. Ga guda biyu ki sha."

Ta ce, "Ranar da ka zo da wuƙa, ban ce maka ni na yi ban ruwa ba." Ta bar masa mangwaronsa ta tafi.

Da damina ta faɗi, iska mai ƙarfi ta tuge itacen mai lambu har saiwa, shi kuwa yana can ƙauye cin kasuwa. Kafin ya dawo rassan sun bushe. Ya sake ɗaukar wuƙa, amma ya tarar an sassare duk reshen da ke leƙen hanya, inda ya yi sallama kuma sai a ce ya yi haƙuri. Daga ƙarshe ya isa gidan gwauruwar, kansa a sunkuye. Ta nuna masa kututture, ta ce, "Da ka ba ni, da yau na ba ka."

Ma'anar wannan misali ita ce, itacen shi ne na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ake koya wa magana da abin da jama'a suka rubuta ko suka faɗa. Rassan su ne karin maganarmu, da waƙoƙinmu, da labaran kakanninmu. Mai lambu ya yi wahala, ba mu ƙi ba, amma wahala ba ta mai da reshen wani ya zama naka. Ku matasa masu ɗaukar muryar tsofaffi da waya bayan an tashi daga taron sujada, ku fara roƙo, ku faɗa musu inda za ku kai ta, ku ambaci sunan mai ita. In kuma ta yi 'ya'ya, kada ku rufe wa mai reshe ƙofa. Allah ya san gidan da kowane reshe ya fito, kuma ranar da iska ta taso, abin da ka mayar wa mutane shi kaɗai za ka tarar.