Wayar da Injiniya ya saya wa Inna

Akwai wani direban babbar mota da abokansa ke kira Injiniya. Bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba, sai dai duk abin da ka ɗauko, daga famfo har firiji, zai ce ya san cikinsa.

Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune can bayan gari. Cutar yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Wata bakwai ke nan tana jiran asibiti su kira ta a yi mata aiki. Ana haka sai ƙaramar wayarta ta faɗa cikin bokitin wanki.

Injiniya ya shiga shagon wata mai gyaran waya. Ta ajiye masa guda biyu a kan gilashi, tsofaffin ƙira, suna ɗaya, kamar an tsaga kara. Ɗaya baƙa mai ƙarzuwa a gefe, ɗaya ruwan zinare.

Ta ce, "A ina za a riƙa amfani da ita?"

Ya faɗa mata.

"To ka ɗauki baƙar, yaya. Ka ga 'yan lambobin nan na baya? Ba iri ɗaya ba ne. Mai ruwan zinaren don kamfanonin wata ƙasa aka yi ta. A cikin gari za ta kama sabis, amma can wajenku layi ɗaya ne ke aiki, ita kuma ba ta kama sabis daga turakun wannan layin."

Ya yi dariya. "Ƙanwata, waya ai waya ce. Kina so ki liƙa min mai tabo ne?"

"Ka kai baƙar ka gwada. In ba ta yi ba ka dawo da ita."

"Ni za ki koya wa waya?"

Ya sa layin Inna a mai ruwan zinaren, sabis ya cika fal. Ya juya mata fuskar wayar, ya ɗaga gira. Ta naɗe masa ita.

Ya ba wa Inna a gurguje, ko zama bai yi ba, ya kama hanyar tafiyar kwana goma sha biyu.

A hanya ya kira, ba ta shiga. Ya sake, haka. Ya yi tsaki. "Tsofaffi! Ta danne wani wuri ke nan."

Ita kuwa Inna kullum sai ta sa caji. Ta ɗora wayar a taga, ta ɗora a kan katanga, ta ɗaga ta sama har hannunta ya gaji. Ko ƙyas.

Ran da ya dawo ya wuce da ita asibiti don jin inda aka kwana. Ma'aikaciyar ta duba takarda ta ce, "Sau huɗu muka kira lambar nan. Ranarku ta wuce tun Talata, an ba wani. Likitan sai bayan wata biyar zai sake zagayowa."

Injiniya ya fara ɗaga murya. Inna ta laluba ta kamo hannun rigarsa.

"Kai, bar yarinyar mutane. Ita ta yi aikinta."

Washegari ya koma shagon, ya tsaya a bakin ƙofa kamar kazar da ruwa ya daka. Mai gyaran ta ɗago ta gan shi. Ta buɗe durowa ta ciro baƙar.

"Na ajiye ta a gefe. Yau dai ka kira daga tsakar gidan kafin ka tashi."

Da yamma ya kira daga tsakar gidan, wayar ta yi ƙara a cinyar Inna. Ta kusanto da ita dab da fuskarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo masa.

"Nuna min wurin ɗauka da yatsana. Koren maɓallin ma yanzu ba na ganinsa."

Darasi: Wanda ya san abu in ya yi maka magana, rage girman kai ka saurara, domin wani lokaci ba kai ne za ka ɗanɗana kuɗar taurin kanka ba, wanda ka fi ƙauna ne. Ku tura wa duk wani Injiniya da kuke da shi a gida.