Mutumin da ya kawo teku Matameye

Akwai wani attajiri a Matameye, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, ana ce masa Alhaji Attaher. Kamiyo biyu gare shi, manyan motocin da ke ɗauko kaya daga bakin teku a Kwatano. Tsakani da Allah ba mugu ba ne. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya ganin abu a gidan wani ya haƙura, sai ya mallaki wanda ya fi shi.

A cikin gidansa, daf da ƙofar baya, akwai rijiya mai zurfi da mahaifinsa ya haƙa. Tun tsohon yana da rai ba a taɓa sa wa ƙofar nan sakata ba. Duk macen unguwa da ke son ruwa sallama kawai za ta yi, ta zura gugarta.

Sai fari ya zo. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, dabbobi suna faɗuwa a bakin hanya. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Ta gidan Attaher kaɗai ta rage, ita ma sai ta kwana tana tarawa kafin a samu na safe.

To, a wannan shekarar ce Alhaji ya shiga gidan wani Kwara, wato Balarabe ɗan kasuwa a Kwatano, ya ga abin da ya tafi da hankalinsa. Akwatin gilashi ne ya kai tsawon gado biyu, cike da ruwan teku. A ciki ga kifaye ja da shuɗi da rawaya suna kewaya wasu duwatsu masu rassa. Kwaran ya ce masa murjani ne, kuma da ransa.

Bai dawo gida ba sai da gilashinsa, da buhunan gishirin teku, da injin da zai riƙa busa wa ruwan iska. Kwaran ya ja masa kunne: a dama gishirin da ruwa mai kyau, kuma duk mako a rage tsohon ruwa a zuba sabo, in ba haka ba komai zai mutu.

Da ya ba mahaifiyarsa labari, Hajiya Baiwa, wadda tsufa ya daɗe da kwantar da ita a ɗaki, sai ta yi dariya.

"Murjanin da muka sani a wuya ake sa shi," in ji ta. "Yanzu kuma kiwonsa ake yi?"

Ranar da za a cika akwatin, Alhaji ya sa aka rufe ƙofar baya. Ya ce na yau ne kawai. Amma akwatin ya shanye ruwan safe bai ko kai rabi ba, sai na yau ya zama na gobe, na gobe ya zama na jibi. Da aka cika shi aka kawo kifayen, ga kuma sabuntawar mako. Sakata ta samu wurin zama.

Wata safiya Balki, maƙwabciyarsa, wadda mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da yara, ta tare shi a ƙofar gida da tulu a hannu.

"Alhaji, ka dubi Allah. Rijiyar Baba ce fa. Yara tun jiya ba su ga ruwa ba."

"Ki yi haƙuri, Balki. Rijiyar ce ta yi ƙasa. In ta farfaɗo za a buɗe."

Ta dube shi, ta dubi tagar falo inda injin ke ta gurnani, ta juya. Daga ranar matan unguwa suka koma tafiya har wajen ƙauyen Tsauni neman ruwa, su fita da sanyin safiya su dawo rana ta take. Ba wanda ya kai ƙara. Motocin Alhaji ne ke ɗauko hatsin agaji, wa zai ja da mai ɗauko abincinsa?

Hajiya Baiwa ta lura da shirun.

"Kwana biyu ba na jin hayaniyar matan rijiya," ta ce masa.

"Gwamnati ce ta kawo musu tanki, Inna."

Ƙaryar ta fita daga bakinsa salin-alin, har shi kansa ya yi mamaki. Ya kuma gargaɗi mutanen gida kada wanda ya tayar wa tsohuwa da hankali.

Manyan gari kuwa suka yi ta zuwa kallo. A zauna a falo, a sha shayi, a yi ta "Allahu Akbar, ikon Allah!" Alhaji yana nuna musu wannan kifi da wancan, sai ka ce shi ya halicce su.

Matsala ta fara ne ranar da aka fara rage tsohon ruwa. Direbansa Ummaru ya sheƙa shi a rariya, ya gangara waje. Ruwa a kan titi, a shekarar nan! Mata suka rugo da ƙwarya suna tarawa, wata yarinya ta kafa kai ta kurɓa, ta tofar tana kuka. Ko akuya ta sunsuna ta kau da kai.

Kafin azahar zancen ya zagaye kasuwa: Attaher ya hana mutane ruwa yana zubarwa a ƙasa. Zancen ya dawo kunnen Alhaji. A zamanin, irin wannan magana in ta kai kunnen kumandan mai mulkin gari, mutum sai ya kwana inda bai shirya ba.

Nan ya yi dabarar da yake ganin ta masu hankali ce. A ƙasarmu ba a wulaƙanta ruwa, abin da ya rage a guga rijiya ake mayar wa. Sai ya ce wa Ummaru, "Daga yau kada ɗigo ya sake fita waje. Daga rijiya ya fito, can za a mayar da shi. Ɗan gishirin nan me zai yi wa rijiya guda?"

Haka aka yi ta yi, mako bayan mako. Titi ya bushe, surutu ya lafa, Alhaji ya samu barci.

Da farko shayi ne ya canza ɗanɗano, sai ya ce a ƙara sukari. Daga baya ya yi wa matarsa faɗa wai hannunta ya yi nauyi a miya. Rani yana ƙara tsanani, rijiya tana ƙara ja baya, gishiri kuwa ba ya zuwa ko'ina. Ran nan aka jawo guga, ya kurɓa, maƙogwaronsa ya ƙi karɓa.

Ya kira masu yasar rijiya. Suka shiga suka kwashe ta tas, aka jira ta tara. Ɗan abin da ya tsattsafo shi ma gishiri ne. Suka ce ƙasar ta riga ta sha, sai dai in Allah ya kawo damina mai ƙarfi.

A makon ne zazzaɓi ya kama Hajiya Baiwa. Randunan gida sun ƙare. Motocin biyu hukuma ta tura su arewa da hatsi, har da Ummaru. Tankin gwamnati kuwa, wanda yakan leƙo jefi-jefi, ba a san ranar zuwansa ba.

"Ruwa," in ji tsohuwa, leɓɓanta duk sun tsage. "A ba ni ruwa."

Alhaji ya fito ya tsaya a falo. Ga ruwa nan a gabansa, garai-garai, ya isa shayar da unguwa, kuma ba shi da cikin moɗa ɗaya da zai kai wa uwar da ta haife shi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ɗauki bido, wato jarkar ruwa, ya fita da kansa.

Ya yi sallama a gida na farko, aka nuna masa randa a kife. Na biyu ma haka. Ba wanda ya zage shi, kuma da zagin suka yi da ya fi masa sauƙi.

A bakin gari ya haɗu da Balki tana dawowa daga hanyar Tsauni, tulu a ka, ƙafafunta fari fat. Ya ja ya tsaya. Ta dubi bidon da ke hannunsa.

"Inna ce?"

Ya gyaɗa kai.

"Kama mini in sauke."

Ya kama mata. Tana tsiyaya masa, ya ce, "Balki, ni ne fa na rufe miki ƙofa."

"Na sani, Alhaji. Ƙafafuna ma sun sani. Amma duk 'ya'yana a hannun Inna suka faɗo duniya. Yi sauri ka kai mata."

Rabin tulun ta ba shi, alhali yaranta suna gida suna jira.

Ya tallafo kan mahaifiyarsa ya ba ta. Ta sha, ta huta, ta ƙara sha. Sannan ta buɗe ido.

"Wannan ba ruwan gidanmu ba ne."

"Rijiyarmu ta ɓaci, Inna. Balki ce ta ba ni."

"Allah ya yi mata albarka." Ta riƙo hannunsa. "Ka gani ko? Don irin wannan rana babanka ya bar ƙofar nan a buɗe. Na gode Allah da kai ma ba ka taɓa rufe ta ba."

Alhaji Attaher ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan tabarma. Tsohuwa ta ɗauka na murnar ta farfaɗo ne, ta yi ta shafa kansa tana sa masa albarka.

Darasi: Duk ni'imar da Allah ya ajiye a gidanka, da rabon maƙwabcinka a ciki. Wanda ya danne haƙƙin mutane don burgewa, sannan ya ɓoye laifinsa maimakon ya gyara, kansa yake cuta. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai ƙofar da ya kamata ya buɗe yau.