Wuƙar Nomau a Ƙarƙashin Ruwa

An ce wani sarki yana da ƙane guda ɗaya tak, yana ji da shi kamar ransa. Wata rana aka tsamo gawar ƙanen daga gulbi, da yanka mai zurfi a ƙwaurinsa. Kusa da gawar ga wani masunci wai shi Nomau, jiƙe sharkaf, riƙe da wuƙarsa mai ƙotar ƙaho, wadda yake gyaran kifi da feɗe naman daji da ita.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, taru ne ya sarƙe masa ƙafa, na nutsa in yanke."

Sarki ya ce, "Taru ka yanka, amma jinin ƙanena ne ya zuba?" Nan take ya ba da umarni a kashe Nomau da wuƙar tasa a bakin gulbin. Fadawa kuwa, ka san halinsu, kowa ya ce daidai ne.

Ana ɗaure shi sai ga Malam Buwai, tsohon da ya koya wa sarki iyo yana yaro. Ya ce, "Ya sarki, a ruwa wuƙar nan ta yi aiki, a tudu ka karɓi shaidarta. A mayar da ita can a tambaye ta."

Sarki ya ce, "Ƙarfe yana magana?"

Ya ce, "Yana yi, amma sai a hannun mai shari'a."

Tsohon ya karɓi wuƙar ya ajiye a gaban sarki. Ya nannaɗe ƙafafunsa da taru, ya yi bisimilla, ya faɗa gurbi mai zurfi. Ruwa ya rufe shi. Fadawa suka yi cirko-cirko, ba wanda ya ko tuɓe rawani.

Tsoro ya kama sarki. Ya suri wuƙar ya nutsa. Ƙasan ruwa duhu, laka ta tashi, tsoho yana ta shure-shure, numfashin sarki yana ƙarewa. Ya laluba, ya yi ta yanka ba ya gani, har taru ya saki. Da ƙyar ya jawo shi gaɓa.

Da Malam Buwai ya farfaɗo, sai ya miƙe ƙafarsa. Ga yanka a ƙwauri, jini yana zuba.

Sarki ya dubi raunin, ya dubi wuƙar da ke hannunsa. Ya tashi ya yanke igiyar Nomau da kansa, ya mayar masa da wuƙarsa, yana hawaye.

Tsohon ya ce, "Ya sarki, wuƙa tana nuna inda ta yanka, ba ta faɗin dalili. Wanda bai shiga ruwan ba, kada ya yi saurin yanke hukunci a tudu."