Firij Huɗu, Ƙauye Goma Sha Uku

Ku gyara zama, yau da shari'a na zo muku, kuma ku ne alƙalai.

A gundumarmu ta bayan dutse akwai ƙauyuka goma sha uku, kuma duk damina kububuwa sai ta kashe mutane a gonaki. Allurar maganin dafinta ba ta jure zafi, sai a firij. Wata ƙungiya ta kawo firij huɗu masu aiki da hasken rana, ta ce mu zaɓi inda za a ajiye su. Kowane mai gari ya ce nasa. Da rigima ta ƙi ƙarewa, aka miƙa maganar ga mata uku da kowa ya yarda da su.

Ta farko Malama Hansatu, mai koyar da lissafi. Ta ɗauki alli, ta yi ɗigo goma sha uku a allo, ta ja layi tsakanin duk ƙauyuka biyu da hanya ta haɗa kai tsaye. Ta ce girman gari ba shi ne abin dubawa ba. Abin nema shi ne kowane ƙauye ya zama ko yana da firij, ko maƙwabcinsa na kusa yana da shi. Kwana biyu tana gogewa tana sakewa, har ta fito da ɗigo huɗu da suka rufe sauran duka. Ba don ita ba, da manyan garuruwan bakin titi sun kwashe huɗun, 'yan lungu su tashi a tutar babu.

Ta biyu Kuluwa, ma'aikaciyar jinya. Ta dubi allon ta ce, “Malama, lissafinki ya fita. Amma garin da ke da firij, in nasa ya lalace, ina zai nufa?” Ta ga na'ura ta mutu a hannunta ba sau ɗaya ba. Ta dage sai kowane gari mai firij shi ma ya sami maƙwabci mai firij. Aka koma kan allo, aka matsa ɗigo biyu, huɗun suka zauna bibbiyu, kuma babu ƙauyen da ya rasa firij a kusa.

Ta uku Yalwa, mai tallan daddawa, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, amma shekara ashirin tana cin kasuwannin ƙauyukan nan da ƙafa. Ta sa yatsa a kan wani layi ta ce, “Wannan hanyar ta rani ce, 'yar'uwa. Daga watan bakwai rafi ke kwana a kanta.” Ta sa aka goge layi uku, aka ƙara guda ɗaya da ba ya cikin takardar kowa, wato burtalin shanu daga Tudun Gawo zuwa Kukar Makera. Sai da aka sake zaɓe a karo na uku. Tudun Gawo da Kukar Makera suka sami firij ɗaya ɗaya.

Ana tsakiyar damina, wata safiya, Larai matar Tanko ta Tudun Gawo ta shiga gonar bayan gidansu tsinkar kuɓewa da cikinta wata takwas. Kububuwa ta sare ta a idon sawu. Aka ruga ɗakin magani, aka tarar tsawa ta ƙona batirin firij kwana biyu da suka wuce, allurar ta lalace. Dasashinta ya fara zubar da jini. Tanko ya ɗora ta a babur, ƙanwarsa ta riƙe ta ta baya, suka bi burtali cikin taɓo, domin tsohuwar hanya ruwa ya shafe ta. Kafin azahar suna Kukar Makera, allura tana shiga jijiya. Larai ta tashi. Bayan sati biyar ta haifi 'ya mace lafiyayya.

Ana gobe suna, Larai ta ce wa surukarta, “Iya, sunan wadda ta cece mu nake so a sa mata.” Tsohuwa ta ce, “To ai su uku ne, 'yar nan, jaririya kuwa ɗaya ce.”

Nan gida ya rabu. Tanko ya ce Hansatu, domin ba don allonta ba da ko firij ɗaya bai shigo lungunsu ba. Larai ta ce Kuluwa, domin nasu firij ɗin bai amfane ta da komai ba, na maƙwabta ne ya yi aiki. Tsohuwa ta ce Yalwa, domin da an bi takarda, da firij na biyun yana hayin rafin da babur ba zai ƙetare ba. Liman ya zo da safe, rago yana ɗaure, ba su daidaita ba.

To, ku da kuka ji duka, sunan wa ya kamata a raɗa wa yarinyar nan: Hansatu, Kuluwa, ko Yalwa?