Sandunan Murhun Mai Zubin Tukwane

Akwai wani mutum, sana'arsa zubin tukwanen dalma. Yakan tara tsofaffin gwangwanaye, ya narka su a babban kasko, ya zuba. Kaskon nan kuwa a kan sandunan ƙarfe yake zama bisa gawayi, sandunan kuma ba sa daɗewa, wuta takan cinye su. In sanda ta karye da kasko a kanta, mai tsaye a bakin murhu ne zai sha wuya.

Wata rana ya tafi kasuwar tsofaffin ƙarafa. Dillali ya nuna masa sanduna iri biyu da aka kwaso daga wata masana'anta da ta rufe. Ɗaya mai nauyi ce, baƙa-baƙa, ba kyan gani. Ɗaya kuwa fara-fara, ba nauyi, ko ɗigon tsatsa babu, ga ta tun damina tana kwance a ruwa.

Dillali ya ce, "Maigida, mai nauyin nan haɗin nikel ce, daga cikin tanderu aka ciro ta. Mai sauƙin, titaniyam ake ce mata. Ƙarfi kam tana da shi, amma in wuta za ka kai ta, ɗauki baƙar."

Mutumin ya buga kowace da guduma, ba wadda ta lanƙwashe. Ya ɗaga su, ya tuna a keke ya zo, gida da nisa. Ya ce, "Kai dai so kake ka rabu da mai muni. Ƙarfen da ruwa bai ci ba, wuta ce za ta ci?"

Dillali ya ce, "To, ƙafarka ce a bakin murhu, ba tawa ba."

Ya ɗaure masu sauƙin, ya tafi.

Kwanaki suka wuce, sanduna suna aiki. Wata safiya matarsa tana kwashe toka, ta ga sun yi wani ɓawo fari, yana zuba kamar gari. Ta ce, "Baban Rifkatu, sandunan nan sun sake kama."

Ya ce, "Toka ce. Ki ji da tuwonki."

Ran nan ya zuga wuta sosai, gama aiki ya yi yawa. Da kasko ya cika, sanda ɗaya ta ɓalle kamar busasshen kara. Narkakkiyar dalma ta malala cikin yashi, Allah ya tsare, amma kaskon ya faɗo masa a ƙauri, ƙashi ya karye.

A asibiti likita ya ce sai an ɗaure ƙashin da ƙarfe daga ciki. Mutumin ya tambayi wane iri. Likita ya ce titaniyam.

Ya yunƙura zai tashi. "A'a! Shi ya karya ni!"

Likita ya ce, "Kwanta, Baba. Wannan ba nauyi, ba ya tsatsa a jini, ƙashi kuma yakan kama shi. Mai nikel ɗin, akwai jikin da ba ya karɓarsa. Ƙarfen bai yi maka laifi ba, wurin da ka sa shi ne."

Aka sa masa. Ya warke, ya taka, amma da ɗingishi har ƙarshen ransa.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Sandunan nan, mu ne. Wani, Ubangiji ya yi shi domin wuta: yana iya tsayawa tsakanin masu faɗa, ya sha zagi, bai karye ba. Sau da yawa ba shi da fara'a, shi ya sa muke wuce shi. Wata kuma an yi ta domin ta zauna kusa da wanda ya karye, shiru, har ya warke.

Mutumin nan kuma mu ne. Ni dai na lura, a ikilisiya da a gida, mukan ɗora kaya a kan wanda ba ya musu, domin shi ne mai sauƙin ɗauka. Yana sake kama a gabanmu, muna cewa toka ce. Ran da ya karye sai mu ce ba shi da bangaskiya.

Kafin ka ce ɗan'uwanka ya kasa, ka tambayi kanka wa ya sa shi a wutar. Ubangiji mai jinƙai ne, yana ɗora karaya. Amma ɗingishin, da shi za ka je kabari.